Katangar kankare za ta tare teku? Amsa ga mai shirin sayen fuloti a bakin ruwa a Legas

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan kasuwa, mutumin Arewa da ya daɗe a Legas. Ya ce: "An yi mini tallan fuloti a gabashin Lekki, bayan Ajah, taku kaɗan daga bakin teku, kuɗinsa bai kai na cikin gari ba ko kusa. Da na nuna tsoron ruwa sai dillalin ya ce katangar kankare mai kauri kawai zan zuba ta fuskar teku, shi ke nan, ba ga Eko Atlantic can an kafa gari sukutum a cikin ruwa ba? Injiniya, katanga tana tare teku kuwa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka yi kyan kai da ka tambaya tun kuɗin na aljihunka, domin mu a wannan sana'a an fi nemanmu bayan ruwa ya riga ya kwana a falo. Eh, akwai katangar da ke tare teku. Amma ba irin wadda dillalinka yake nufi ba ce, kuma ba aikin mutum ɗaya mai fuloti ɗaya ba ne, ko da yana da kuɗin. Abin da ke cinye gaɓar Legas ƙarancin yashi ne, ita kuwa katanga ba ta haihuwar yashi ko cikin cokali. Bari in bi da kai ta nan, don in ka gane tafiyar yashi, sauran bayanin kai da kanka za ka ƙarasa shi.

Ran da ka je ganin fulotin, ka tsaya bakin ruwa ka ƙura wa igiyoyin ido. Za ka lura ba sa fuskantar gaɓa sak, a karkace suke zuwa, daga kudu maso yamma. Iskar Legas ba ta da hannu a tayar da su. Guguwar da ake yi can ƙuryar kudancin tekun Atilantika, dubban kilomitoci daga nan, ita ke turo su, shi ya sa za ka ga gari garau, ba hadari ba iska, amma teku na ta jibgar gaɓa. Kowace igiya in ta fashe sai ta kora yashi sama a karkace, in za ta koma sai ta janyo shi ƙasa a miƙe. Ka ga ƙwayar yashin ba ta dawo inda ta taso ba ke nan, ta ɗan gusa gabas. Igiya ɗaya duk bayan daƙiƙa 12, a kwana guda ka sami 7,200, ba hutun Juma'a ba na Sallah. Haka yashi ke tafiya daga bakin kogin Volta a Gana, ya bi ta Lome, ya bi ta Kwatano, ya wuce Badagiri ya iso Legas, kamar wani kogi da ido ba ya gani. An ƙiyasta abin da ke wucewa ta wannan gaɓa a shekara ya kama daga rabin miliyan zuwa sama da miliyan ɗaya na mita kubik. Ɗauki miliyan ɗaya ka raba wa tifa mai cin mita 10, lodi dubu 100 ke nan, sama da tifa 270 kullum. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya yi daidai da abin da ke fita ta gabas, gaɓa tana nan inda take, ko da kowace ƙwaya a cikinta baƙuwa ce. Ran da aka tare na yamma, igiya ba ta fasa aikinta. Lodinta sai ta cika shi, kuma daga ƙasar da ta tarar za ta ɗiba.

Abin da ya sami Legas ke nan, kuma maganar ta haura shekara ɗari. A da, mashigin da ya haɗa tafkin Legas da teku tudun yashi ne ke toshe bakinsa, yau yana nan gobe ya koma can, manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga. Sai su yi anga a waje, a riƙa jidar kaya da fasinja da ƙananan jirage. Daga wannan tudu ma sunan Bar Beach, bakin tekun Victoria Island, ya samo asali, domin "bar" shi ne irin wannan tudun yashi da Turanci. Wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka soma shimfiɗa dogayen hannuwan dutse zuwa cikin teku, ɗaya yamma da mashigin ɗaya gabas, don su hana yashi toshe hanya. Ta fuskar ciniki kwalliya ta biya kuɗin sabulu: a 1914 manyan jirage suka fara shiga har ciki, layin dogo kuma bai daɗe da isa Kano ba, ta wannan mashigi gyaɗa da fatu da audugar Arewa suka riƙa fita. Amma hannun yamma ya zama madatsa. Yashin da ke tahowa daga Badagiri ya riƙa jibgewa a bayansa, gaɓar wajen hasumiyar fitila, kusa da Tarkwa Bay, ta yi ta faɗi. Gabas da mashigin kuwa, inda Bar Beach take, aka bar ta da yunwa. Akwai shekarun da aka auna teku na cin mita 20 zuwa 30 a wurin.

Manyanmu da suka zauna Ikko a shekarun 1970 za su ba ka labarin Bar Beach: fili fetal na farin yashi, masu dawakin haya, masu tsire, da taron kallon harbin 'yan fashi. Har wasu daga cikin waɗanda aka samu da hannu a kisan Janar Murtala a 1976 a nan aka harbe su. Abin da yawancin masu zuwa shan iska ba su sani ba, yashin da suke takawa da kuɗi aka kawo shi. Tun ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ke ɗauko jirgin yasa ya zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa ya fesa a gaɓar. A zuba, teku ya kwashe cikin 'yan shekaru, a sake ba da kwangila. Jama'a suna ganin zuba ruwa ne a kwando. Ni ban ga laifin dabarar ba, laifin shi ne ba a yin ta sai an ga uwar bari, kuma zan dawo kan wannan. Zuwa 2005 da 2006 ruwa ya kai ga titin Ahmadu Bello Way, ya gutsure wani sashe nasa, yana shiga gine-ginen da ke ɗaya hannun. Victoria Island gaba ɗaya ta shiga haɗari. Daga nan aka yi shawarar a cike teku da yashi har inda gaɓa take a da, a killace sabon filin da ganuwa, a sayar da fulotai su biya kuɗin aikin. Eko Atlantic ke nan, wadda aka soma cikewa wajen 2008 zuwa 2009.

To, tunda da ita dillalinka ya kafa hujja, mu duba mene ne a wurin. Abin da suke kira Babbar Ganuwar Legas ba ta yi kama da katangar gida ba. Ka tuna badalar Kano, tudu mai faɗin gindi da ke tsukewa yana hawa. Haka take, sai dai ita da dutse aka yi ta. Tsawon da aka tsara mata kilomita 8 da rabi ne, kanta ya ɗara ruwa da fiye da mita 8, amma mafi yawan jikinta yana ƙarƙashin ruwa inda ba ka gani. Da za ka yanka ta kamar burodi, da ka ga hawa-hawa. Can ciki ɓaraguzan dutse ne, manya da ƙanana a cakuɗe. Tsakaninsu da yashin da aka cike filin da shi akwai wani ƙyalle mai kauri kamar bargo, ruwa na ratsa shi amma yashi ba ya bi. A kan ɓaraguzan sai duwatsu matsakaita, a kansu kuma waɗanda suka fi su, kowane hawa an zaɓi girmansa yadda ba zai zurare ta ramukan na samansa ba. Daga waje, inda igiya ke duka, sai wasu curarrukan kankare masu ƙahoni da ake kira akuropod, ƙirar injiniyoyin Faransa ta farkon shekarun 1980, kowane tan 5, kimanin guda dubu 100. Ba a juye su kamar shara. Ɗaya bayan ɗaya injin ɗaga kaya ke aza su, kowane da gurbinsa, ƙahonsa a sarƙe da na maƙwabcinsa. Ramukan da ke tsakaninsu su ne sirrin abin: igiya in ta zo sai ta watse cikin lunguna, ƙarfinta ya ƙare a can, maimakon ta daki fuska guda ta dawo da fushinta. A gindi kuma, can ƙasan ruwa, akwai shimfiɗar dutse wadda aikinta kawai ta hana a yi wa ganuwar rami a ƙafa. Har ƙaramin samfurinta aka gina a wani ɗakin gwaji kusa da Kopenhagen ta ƙasar Denmak, aka yi ta sakar masa igiyoyin inji, zuwa irin wadda ake sa ran gani sau ɗaya a shekara dubu.

Me ya sa sai tan 5? Mita kubik ɗaya na ruwan teku ya ɗan haura tan ɗaya, kuma igiya ɗaya ɗaruruwan irinsa take ɗauke da su a guje. Akwai lissafin da wani injiniyan Amurka mai suna Hudson ya fitar a shekarun 1950, har yau da shi muke fara awo: nauyin dutsen da zai tsaya wa igiya yana tafiya ne da tsayin igiyar sau kansa, sau kansa kuma. Wato a ce dutse mai tan ɗaya ya ishi igiya mai mita ɗaya da rabi, to mai mita 3 tan 8 take nema, ba 2 ba. Nan masu ginin kansu ke faɗawa rami. Sun zo da rani, sun ga teku a kwance, sun auna da abin da idonsu ya gani. Igiyar da za ta rushe ginin kuwa tsakanin Yuli da Satumba take zuwa, lokacin da ake hunturu a kudancin duniya guguwa ta yi ƙarfi, balle in ta dace da babbar cikar ruwa ta tsayuwar wata ko ta tsakiyarsa. Ga shi Legas ba ta da dutse, daga wajen su Abeokuta da Ibadan ake jido shi a mota. Kowane tan sai ka biya fasawa, ka biya dizal, ka biya injin da zai aza shi a cikin ruwa.

Yanzu ga katangar dillali. Kai ɗan Arewa ne, ka san yadda katangar ƙasa ke faɗuwa da damina: ruwan indararo ne ke cin gindinta a hankali har ta durƙusa, alhali samanta lafiya lau. Ta kankare a bakin teku haka take mutuwa, sai dai da sauri. Igiya in ta daki fuska a tsaye ba ta da inda za ta huce. Rabi ya tashi sama, rabi ya nutsa ƙasa ya tono yashin gindi ya tafi da shi. Kullum ruwan gaban katangar na ƙara zurfi, ruwa mai zurfi kuwa yana kawo babbar igiya har jikin gini ba tare da ta fashe a hanya ba. Ka ga katangar da kanta take gayyato ajalinta. Wannan ta gaba ke nan. Ta baya kuma, ruwan sama da wanda ya tsallako suna taruwa suna tura ta waje, suna neman kafa, kuma ko tsaga ba ta fi kaurin yatsa ba, ta nan yashi zai riƙa zurarewa duk janyewar ruwa. Ga gishiri, yana ratsa kankare ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, balle in magini ya kwaɓa siminti da yashin bakin teku don ya rage kuɗin tifa. Sannan katangarka tana da ƙarshe biyu. Fulotinka ƙafa 60 ne ko 100, maƙwabcinka bai gina komai ba. Teku zai ci nasa, ya zagayo ta gefe, ya shigo maka ta baya kana kallon gaba.

Na ga wannan da idona a wani rukunin gidaje a yankin nan, ba sai na kama suna ba. An kira mu da sassafe cikin watan Agusta. Daga bakin ƙofa komai lafiya: katanga fara tas, ta fi mutum tsayi, ba ta karkata ba ko kaɗan. Maigadin wurin, wani dattijo mutuminmu, ya tare ni ya ce, "Injiniya, kada ka taka nan, bi ta kan ciyawa." Na duba inda ya nuna, daɓe ne na bulon intalok, sai dai ya ɗan lotsa kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan rami. Ya ɗauko gora ya zura tsakanin bulo biyu, gorar ta shige har hannunsa ba ta taɓa komai ba. Muka ɗaga bulo huɗu. A ƙasa kogo ne da zai ɗauki ƙaramar mota, kana jin ruwa na shiga yana fita, duk igiyar da ta daka sai iska mai ƙarnin teku ta huro mana fuska. Da ruwa ya janye muka zagaya ta gaba, sai ga harsashin katangar a rataye, kana iya zura hannu ƙarƙashinsa. Wanda ya yi aikin bai yi ha'inci a siminti ba, kankarensa mai kyau ne, har na yaba. Ƙyallen tacewa ne bai sa ba, harsashin bai kai shi zurfin da zaizaya ba za ta cim masa ba, kuma ba dutse ko ɗaya a ƙafa. Dattijon ya ce tun watan azumi yake ganin ƙaguwa na fitowa ta tsakiyar daɓen, ya faɗa wa masu gida, aka ce masa shi aikinsa ƙofa. Kafin damina ta ƙare sashen ya kwanta ruf da ciki, a guda, ko tsagewa bai yi ba.

A ce ma kana da kuɗin yin ta yadda ya kamata. Abin da za ta tsare maka shi ne abin da ke bayanta. Yashin gabanta zai tafi, kuma lodin da igiya ba ta samu a wurinka ba za ta cike shi a wurin na gabas da kai. A watan Agustan 2012 teku ya yi toroko ya share bukkokin Kuramo, dab da inda ake aikin Eko Atlantic, mutane fiye da goma suka salwanta. Mutanen Okun Alfa, wato Alpha Beach, sun rasa titi da gidaje da itatuwan kwakwa. Mazauna suna ɗora laifin kan Eko Atlantic, masu aikin suna cewa zaizayar ta girme su. A ganina kowa na riƙe da rabin gaskiya. Yunwar yashin tun 1908 ta faro, amma da can Bar Beach ce ke biyan bashin, da yashinta da wanda gwamnati ke zuba mata. Da aka yi mata sulke da dutse, mai bin bashi ya matsa gida na gaba. Ƙara da masu haƙar yashin gini, da matattun jiragen ruwa da ke kife a gaɓa suna karkatar da igiya. Gwamnatin jihar ta amsa da jera yatsun dutse, waɗanda muke kira guroyin, goma sha wani abu, daga gaɓa zuwa cikin ruwa, tsakanin kowane biyu kimanin mita 400. Suna aiki. In ka duba hoton sama za ka ga gaɓar ta koma kamar haƙoran zarto, yashi ya taru yamma da kowane yatsa, ya rame a gabas da shi. Amma duk abin da suka riƙe, wani aka hana, kuma wannan wani yana bayan yatsa na ƙarshe. "Bayan Ajah" ɗin nan da ka ce, ita ta fi tayar mini da hankali a duk tambayarka.

Duk gaɓar nan labarin ɗaya ne. Tashar jiragen ruwa ta Lome ta fara aiki a 1968, yashi ya taru yamma da ita, gabas kuwa sau biyu ana matsar da titin da ya tafi Aneho saboda teku ya cinye shi. A Kwatano, unguwannin Akpakpa da ke gabas da tasha su suka sha. Na Gana ya fi kowanne koyar da darasi. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta riƙe yashin da Volta ke kaiwa teku, garin Keta ya yi ta komawa ruwa, har tsohon sansanin Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784 teku ya rushe sashensa. A farkon shekarun 2000 aka kashe sama da dala miliyan 80 aka yi masa yatsun dutse shida da ganuwa da ciko. Keta ta tsira. Sai zaizayar ta koma gabas, garin Blekusu, aka bi ta can da duwatsu, sai ta koma Agavedzi da Salakope, inda a Nuwamban 2021 ruwa ya raba dubban mutane da gidajensu. Ana ta bin ta da dutse tana gusawa wajen Aflao, bakin iyakar Togo.

Na ce zan dawo kan zuba yashi. Ba wanda ya kai mutanen Holan sanin ganuwa. Ambaliyar da ta afka musu daren 31 ga Janairun 1953 ta kashe mutum 1,836, suka shafe shekara arba'in da wani abu suna gina madatsu da ƙofofin ƙarfe a bakin kogunansu. Amma a buɗaɗɗiyar gaɓarsu mai yashi, wadda ta yi kama da tamu, da yashi suke yaƙi. A 1990 suka yanke cewa gaɓa ba za ta ƙara ja da baya daga inda take a shekarar ba, suna auna ta duk shekara, inda ta rame a ciyar da ita, abin da ya kai wajen mita kubik miliyan 12 a shekara. A 2011 ma suka jibge miliyan 21 da rabi wuri guda kusa da birnin Hague, suka bar igiya ta rarraba shi da kanta cikin shekara ashirin. Su sun ɗauki yashi kamar abincin doki, kullum sai an ba shi, kuma yana cikin kasafi. Mu mun ɗauke shi kamar magani, sai ciwo ya kwantar. A Durban ta Afirka ta Kudu kuma, yashin da ke taruwa a gefe ɗaya na mashigin tasha ake kwasowa a tura shi ta bututu zuwa ɗaya gefen. Da Legas ta yi haka tun farko, ta riƙa tsallakar da abin da hannun yamma ya tare, ina kyautata zaton da Bar Beach tana nan. Ka lura duk waɗannan aikin hukuma ne a kan kilomitoci masu yawa. Ba wanda mai fuloti zai yi shi kaɗai.

Ko ganuwar hukuma ma tana da iyaka, domin kowace an gina ta ne don igiya mai wani tsayi. Garin Taro a Japan yana da ganuwa mai mita 10 da ake zuwa kallo daga ƙasashen waje, mutane suka sakankance suka yi gidaje a gindinta, igiyar tsunami ta Maris 2011 ta haye ta. Gaɓarmu ba ta fama da irin wannan, namu a hankali yake zuwa. Ruwan tekun duniya na ƙaruwa da milimita 3 zuwa 4 a shekara, kuma a gaɓa mai yashi kowace santimita ɗaya tana iya cin rabin mita zuwa mita guda na ƙasa. A shekara 30 ka ce mita 5 zuwa 10. Bai kai ɓarnar yunwar yashi ba, amma a kanta yake hawa.

To me za ka yi? Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ka sa yaro ya buɗe maka Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotuna. Ku nemo fulotin, ku auna tazararsa da bakin ruwa a hoto mafi tsufa da kuka samu, ku sake aunawa a na bana, ku raba bambancin da yawan shekarun. In gaɓa na ja da mita 5 a shekara kuma fulotin na mita 80 daga ruwa, kai ɗan kasuwa ne, ka san shekara nawa ka saya. A hoton nan kuma ku duba inda yatsun dutse suka ƙare, da ko wani babban gini ya kutsa cikin ruwa yamma da ku. Sannan ka je da ƙafarka, ba tare da dillali ba. Ka duba ko akwai kututturan kwakwa a tsaye cikin ruwa, ko rijiyar kankare da ta fito sarari kamar bututu a tsakiyar yashi, ko gaɓar ta yi gatsa-gatsa kamar an sare ta da fartanya. Ka sami tsofaffin masunta ka gaishe su da kyau, ka tambaye su inda suke ɗaure kwalekwale suna samari. Sau da yawa cikin ruwa za su nuna maka.

Ka duba bayanka kuma. Lekki tsiri ne na yashi tsakanin teku da tafki, ƙasa ce mai kwari, ruwan da ya mamaye ta a Yulin 2017 daga sama ya zo, magudanai suka kasa fitar da shi. Katangar da ke fuskantar teku ba ta da abin da za ta yi maka a kan wannan, tana ma iya riƙe maka shi a tsakar gida. Sai takardu. Dokar tsara gine-gine ta jihar Legas ta tanadi tazarar mita 150 tsakanin gini da bakin teku, "taku kaɗan" ɗin da ka ambata kuwa ban ji ya kai haka ba. Ga kuma babban titin Legas zuwa Kalaba da aka soma a 2024, wanda ya riga ya ci gine-gine da dama a gaɓar nan. Ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin ya kai ofishin safiyo-janar na jiha a duba ko ya faɗa cikin tazarar ruwa ko hanyar titi ko filin da gwamnati ta riga ta karɓe.

In duk wannan ya fito lafiya, fulotin na cikin jerin yatsun dutse, da tudun yashi mai ciyawa tsakaninsa da ruwa, to kada ka bari a baje tudun nan don a ga teku daga falo, ya fi maka kowace katanga. Ka ja ginin can ƙarshen filin ta wajen tudu, ka ɗaga daɓensa sosai, kuɗin katangar kuma ka haɗa da na maƙwabta ku nemi injiniyan gaɓar teku ya duba muku layin gaba ɗaya. Amma kafin komai, ka jira Agusta. Ka je ranar 14 ko 15 ga watan Musulunci, lokacin cikar ruwa, ka tsaya a kan fulotin ka ga inda kumfa ke tsayawa. In dillalin ya ce ba za a iya jira ba don akwai wani mai so, ka bar wa wancan ɗin.